Matakalar Verna

Matakalar motar Orval Tollefson ta maƙale tun farkon mako, kuma babu wanda bai sani ba a wannan fili na hamadar Quartzsite, domin tsofaffin da suka gudo wa sanyin arewa suka jera motocin kwanansu a nan ba su da aikin da ya wuce shan kofi da sa-ido. Matakala ce ta lantarki mai hawa biyu. In an buɗe ƙofa ta zuro kanta waje, in an rufe ta naɗe ta koma ƙarƙashin mota. To, ta naɗe ɗin ne ta ƙi fitowa. Daga bakin ƙofa zuwa ƙasa tazarar ta kai cinyar babban mutum.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne mai motar. Orval ya ƙare ƙuruciyarsa a kan gyaran injinan girbin alkama a Dakota ta Arewa. Mutum ne da ba ya iya cin abinci a kan teburi mai rawa sai ya tashi ya ɗaure masa ƙafa. Amma ga shi yanzu yana sauka ta kan wani bokitin fenti da ya kife, in ya sauka ya tura shi ƙarƙashin mota, in ya hau ya jawo shi ciki da igiya. Wasu suka ce rowa ce, wasu suka ce tsufa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matarsa Verna ta fara mantuwa tun bara, irin mantuwar nan da ba ta tsaya ga makulli da tabarau ba. Wata rana ta san shi, wata rana ta yi masa kallon baƙo mai ladabi. Babban abin tsoron shi ne fita. Da ya ɗan rintsa sai ta buɗe ƙofa, matakala ta miƙo mata kanta kamar mai cewa bismilla, ta sauka ta yi gaba. A watan jiya wani direban tirela ne ya tsince ta a bakin babban titi, da silifas a ƙafa ɗaya. 'Yarsu Renae ta yi kuka a waya har muryarta ta dushe, ta ce, "Baba, in ta sake faruwa zan zo in ɗauke ta. Akwai gurbi a gidan kula da tsofaffi a Minot. Ba zan jira a kira ni in zo in duba gawa ba."

Tun daga ranar barcin Orval ya zama na zomo. Sai kuma matakala ta maƙale, faɗuwa ta zo daidai da zama. Verna tun da aka yi mata aiki a ƙugu take tsoron tudu. Takan buɗe ƙofa, ta leƙa ƙasa, ta ja da baya ta koma ta zauna. A makon nan Orval ya yi barcin da ya manta akwai irinsa, har da minshari. Kullum ya farka sai kunya ta rufe shi, amma kunyar ba ta kai ta sa ya ɗauko sifana ba.

Wanda ya kasa haƙuri shi ne maƙwabcinsu Hoyt Ragsdale, tsohon direban motar kashe gobara daga Oklahoma, mai tumbi da shisshigi da zuciya mai kyau. Da hantsi ya iso riƙe da jakar kayan gyara, yana haki.

"Ɗan Dakota, fito! Na gaji da kallon wasan biri a kan bokiti. Jiya matata ta rufe ido da ka ɗaga ƙafa, ta ce yau za mu yi zaman makoki."

"Ka gaishe ta. Ka ce mata zan rigaye ku sanin ranata."

"Ka duba fiyus?"

"Na duba."

"Ka duba da ido ko da zuciya? Matsa mu gani."

Orval ya matsa. Ya san Hoyt, hana shi sai ya fi barinsa tsawon magana. Hoyt ya buɗe akwatin batir, ya zaro fiyus ya ɗaga shi sama yana ƙanƙance ido, lafiyarsa lau. Ya taɓa kawunan batirin da fitilar gwaji, ta kama tar. Ya miƙa hannu cikin ƙofa ya danna makunnin matakalar sama, ya danna ƙasa, shiru.

"To, maganaɗisun ƙofa ne," in ji Hoyt. "Su ne 'yan iskan. Da ya goce kaɗan, matakala sai ta ɗauka ƙofa a rufe take har abada."

Ya zaro wani maganaɗisu daga aljihu, irin wanda ake mannawa a jikin firji, mai hoton kifi. Ya kai shi jikin madogarar ƙofa ya janye, ya kai ya janye. Ko motsi.

"Kifinka ya mutu," in ji Orval.

"Kifina ya tayar da matakala ta fi gashin kanka yawa. Ko da yake wannan ba abin alfahari ba ne."

Daga nan Hoyt ya shimfiɗa kwali, ya durƙusa da nishi da salati irin nasu, ya kwanta ya cusa kai ƙarƙashin mota. Tumbin ne ya ƙi shiga, ya tsaya a waje yana hawa da sauka. Ya ƙwanƙwasa ɗan injin matakalar da ƙotar guduma, wai ko ya sandare ne. Ya girgiza sandar da ke tura matakalar, ya ce ba ta cije ba, ƙishin giris dai take ji. Orval na tsaye a kansa, hannu a aljihu. Saura wuri ɗaya a duba, kuma ya san shi. Tun ranar farko ya gan shi.

Ƙwanƙwasar ta tsaya.

"Orval."

"Na'am."

"Koriyar wayar nan da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota. Tsatsa ta cinye bakinta, noti ya saki. Makaho ma da lalube zai gane." Hoyt ya jawo kansa waje, ƙura a gira. "Aikin shan kofi ɗaya ne. Miƙo mini samfefa in goge tsatsar."

"Bar ta."

"In bar me?"

"Na ce ka bar ta, Hoyt."

Hoyt ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya dubi fuskar mutumin, ya dubi bokitin da igiyarsa, ya dubi ƙofar. Shi ne ya tuƙa Orval zuwa bakin titi ranar da aka tsinci Verna. Ya tashi zaune a kan kwalin ya share goshi.

"Haba mutumina," ya ce a hankali. "Ai da ka faɗa mini."

"In ce maka me? In ce na kulle matata kamar akuya?"

"Ba ka kulle ta ba. Tsatsa ce."

"Tsatsa ta fara, ni na ƙarasa." Orval ya zauna a kan bokitin. "Ba zan iya gadinta ba, Hoyt. Na gwada. Na ɗaura ƙararrawa a ƙofa, barci ya kwashe ni ban ji ba. Na kwanta a bakin ƙofar, ta tsallake ni. In matakalar nan ta sauko, Verna za ta fita, in ta fita Renae za ta zo. Can kuwa za su ba ta ɗaki mai taga ɗaya, su ba ni lokacin ziyara. Matar da tun muna 'yan makaranta nake ɗaukar mata jaka."

Hoyt ya soma mayar da kayansa cikin jaka ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne ƙofa ta buɗe. Verna ce, ta sa hular rana da takalmin tafiya, ta ɗaura igiyar takalmin daidai, ta riƙo ƙaramin kwando. Mutanen wannan fili suna da al'adar zagaye mazauninsu da jerin duwatsu, kuma duk hunturu Verna ce ke tsinto nasu, farare masu ƙyalli, daga busasshen kwari da ke bayan motocin. Bana jerin ya tsaya a rabi. Ta leƙa ƙasa, ta riƙe ƙarfen ƙofa da kyau, sannan ta dubi mazan biyu.

"Sannunku da aiki. Ku ne masu gyara?"

Hoyt ya dubi Orval. Orval ya miƙe tsaye.

"Mu ne, uwargida."

"Ai kuwa kun wahalar da kanku a banza," in ji ta, tana murmushi. "Da kun jira mijina. Shi ba ya kwana da abu a lalace. Ya ɗan fita ne. Na yi kwanaki ina so in sauka, amma na ce bari in yi haƙuri, Orval na dawowa zai gyara mini. Ba ya taɓa barina a tsaye."

Ta faɗi haka ne ba da ƙorafi ba, da alfahari, yadda mace ke ba baƙi labarin mijinta. Da ta yi faɗa, da ta yi kuka, da Orval ya san yadda zai yi da ita, ya saba. Wannan kuwa ta shige shi har ƙashi. Ashe duk makon nan da yake minshari, ita tana zaune ne tana jiran wani mutum da ta amince da shi. Duk abin da mantuwa ta kwashe mata, ta bar mata wannan, shi kuma ya zauna a kansa.

"Haka yake?" ya ce.

"Haka yake. Sai dai taurin kai." Ta yi 'yar dariya. "Kar ku ce na faɗa."

Orval ya miƙa wa Hoyt hannu. "Samfefa."

"Ka tabbata?"

"Da sifana ƙarama. Ka cire fiyus ɗin tukuna, kar ta tashi ta datse mini yatsu."

Ya kwanta a kan kwalin ya shige ƙarƙashin motar, shi ba tumbin da zai tare shi. Notin ya yi gardama kaɗan sannan ya juya. Ya zare wayar, ya goge bakinta har jan ƙarfen ya fito, ya kankare jikin motar inda take zama har ya yi fari. Garin tsatsa na zubo masa a fuska, ya samu abin da zai ɗora wa laifin ruwan da ke bin gefen idonsa zuwa kunne. Ya mayar da wayar ya ɗaure tam, ya shafa giris a gaɓoɓin matakalar tunda dai ya riga ya kwanta. Ya fito ya kakkaɓe wando.

"Mayar da fiyus. Uwargida, ɗan rufe ƙofar ki sake buɗewa."

Ta rufe, ta buɗe. Injin ya yi ƙugi, matakalar ta warware ta sauko, hawa na farko, hawa na biyu, ta tsaya daram. Verna ta tafa hannu kamar yarinya. Orval ya taka ya gwada nauyinsa a kai, sannan ya miƙa mata hannu. Ta kama da 'yan yatsu biyu kawai, irin kamun da ake yi wa hannun baƙo, ta sauko a hankali. Da ƙafarta ta taɓa tsakuwa sai ta ja numfashi ta ɗaga fuska ga rana, ta daɗe a haka.

"Allah ya yi maka albarka, bawan Allah. Kana da hannu. Ka tsaya mijina ya dawo, zai so ku gaisa."

Ta gyara hula ta nufi bayan motocin, kwandon na lilo a hannunta.

Orval ya zaro wayarsa daga aljihun riga ya danƙa wa Hoyt.

"Renae ce ta farko a ciki. Ka ce mata ta nemi jirgi. Ka ce babu abin da ya faru, kowa lafiya. Ni ne dai na ce ta zo."

"Kai ba za ka faɗa mata da bakinka ba?"

"Bakina ba zai iya ba. Naka kuwa ba ya gajiya."

Hoyt ya tsaya da wayar a hannu yana sharce hanci da bayan ɗayan.

Orval ya bi bayan Verna, ya bar 'yar tazara tsakaninsu don kar ya tsorata ta. Tana tafe tana duban ƙasa, ta sunkuya ta ɗauki dutse, ta juya shi, ta yar, ta ɗauki wani ta sa a kwando. Da suka kusa gangaren kwarin sai ta ji takunsa, ta waiwayo.

"A'a, bawan Allah, har yanzu kana nan? Koma bakin aikinka, na san hanya."

"Na sani, uwargida," in ji Orval. "Ni ma can na nufa."