Kunnen Malam Usaini

Wuri ɗaya ne ya rage a duk Gombe da har yanzu ake kiran Malam Usaini ya duba na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa ke ce wa esi. Kantin magani ne a Herwagana. Mai kantin, Madam Janet, wadda shi yake kira Maman Hillary, tana da wani tsohon esi irin na taga a ɗakin da take ajiye magunguna. Mijinta marigayi Ernest ne ya sayo shi a shekarar da Gombe ta zama jiha, Malam Usaini kuma shi ya fasa bango ya zaunar da shi. Tun daga lokacin, duk shekara idan sanyi ya ja baya rana ta fara gasa kwanukan gari, sai ya je ya wanke shi ya duba lafiyarsa.

'Yarsa Bilkis ƙarshen zamaninsa kawai ta riska, amma abin da ta riska ya ishe ta tunawa. Ta san lokacin da zaurensu na Jekadafari yake cike da injuna, an jingina wani kan wani har kusa da rufi, kowanne da sunan mai shi an rubuta da alli. Direbobin manya daga GRA sukan zo su tsaya a ƙofa suna jiran Malam ya idar da sallar walaha. Warin jiƙaƙƙen ƙarfe da ruwan omo shi ne warin yarintarta. Yana da ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba: ba ya kwance ko ƙusa ɗaya sai ya saurara. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Idan ya buɗe, ya riga ya san ciwon. Wani lokaci yakan ɗora Bilkis a cinya ya miƙa mata ƙotar, ya tambaye ta wanne ne mai tari a cikinsu, wanne ne kuma yunwar gas kawai ke damunsa.

Daga baya aka fara shigo da sababbi masu rimot, rabi a ɗaki rabi a waje. Manyan da suka san shi wasu suka yi ritaya, wasu suka rasu, 'ya'yansu suka riƙa kiran samari masu riga iri ɗaya da sunan kamfani a baya. Zauren ya yi ta raguwa har aka shimfiɗa tabarma a ciki. Sai kuma kunnen ya fara tafiya. Shekara uku ke nan yana cewa wayarsa ta lalace, liman ya koma karatu ƙasa-ƙasa, yaran yanzu ba sa buɗe baki idan za su yi magana. A gida kowa ya sani, ba wanda ya faɗa. Ya koyi kallon leɓen mutum, ya koyi yin dariya idan ya ga ana dariya.

Bilkis ita kaɗai ce mace a ajinsu a folitaknik. Dangi sun yi ta tambaya wane maigida ne zai bar 'ya mace ta hau tsani a gidansa, ta bar su da tambayarsu ta je ta gama. Yanzu tana aiki da wani kamfani mai kula da esin otal-otal, kuma tsanin kullum sai ta hau. Amma ranar zuwa Herwagana takan nemi izini a wurin aiki ta ɗauki jakar mahaifinta. Shi yakan ce yana tafiya da ita ne don ta ga yadda ake aiki na gaskiya. Ita takan ce haka ne, Baba.

Bana da hantsi suka sauka daga keke napep a bakin kantin. Madam Janet ta taso tana gyara tabarau, ta ƙare masa kallo ta ce Injiniya dai tsufa ya gama da shi. Ya ga motsin bakinta ya gane, don duk shekara da haka take tarbarsa. Ya ce ai ita ce ta ɓoye takardar haihuwarta a cikin kwalin magani. Ta rungumi Bilkis, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo zoɓo mai sanyi.

Sai dai bana akwai Hillary. Ya gama karatun haɗa magunguna a Jos ya dawo, kantin ya koma hannunsa a hankali. Ya durƙusa ya gaida Malam kamar yadda ya saba tun yana yaro, sannan ya juya ga Bilkis ya yi bayani. Tun da zafi ya shigo, esin ba ya minti goma sai ya ɗauke. Ranar Talata ya taɓa kwalaben maganin tari ya ji su da ɗumi kamar an sauke daga wuta. Magani ba ya jure wannan. Ya riga ya yi magana da masu sa sabo, su kuma su ne za su riƙa kula da abinsu. Mama ce kawai ta hana.

"Na ce masa ba mai taɓa shi sai Injiniya ya faɗa da bakinsa," in ji Madam Janet. "Idan ya ce ya mutu, to ya mutu. A cire."

Suka shiga ɗakin ajiya su huɗu. Esin yana nan a inda Bilkis ta san shi tun tana riƙe da gefen rigar mahaifinta, fuskarsa ta koma ruwan ƙasa, an ɗaure maɓallinsa da zaren roba. Hillary ya kunna. Malam ya cire hula, ya ɗora sukudireba, ya rufe ido.

Tun kafin ya rufe idon Bilkis ta ji. Kwamfiresa, wato zuciyar injin, ta tashi lafiya, da ƙarfinta. Amma iskar da ya kamata ta fita ta baya ba fita take ba, wani irin kuka take yi kamar ana hura baki cikin tulu. A da, daga bakin ƙofa Malam zai ji wannan, ko takalmi bai cire ba. Yanzu abin da ke isa gare shi jijjigar ƙarfe ce kawai. Suka tsaya. Injin ya yi ta nauyi, ya yi ta nishi, can aka ji ƙas, ya ɗauke. Malam ya taɓa jikinsa ya janye hannu saboda zafi. Ya sauke sukudirebar.

"Maman Hillary," ya ce da muryar nan tasa da ta yi ƙarfi fiye da ɗakin, "kwamfiresa ta gaji. Ya yi mana ƙoƙari. A bar shi ya huta."

Madam Janet ta zauna a kan kwali. Hillary bai yi murna ba, ya dai gyaɗa kai ya ciro waya. Malam ya fara goge sukudirebar da gefen riga, yana gogewa yana sake gogewa. Bilkis ta san ba injin kaɗai ya sallama ba.

Ta ce tana son wanke hannu. Ta bi ta tsakar gidan da ke bayan kantin, ta wuce igiyar shanya, ta shiga ɗan lungun da bayan esin yake leƙowa. Ba ta ga bayan esi ba. Akwati ta gani na sabon kwano, an rufe sama, an rufe gefe da gefe, an rufe gaba, an buga ƙusoshi a jere tsaf. A samansa ma an ɗora tsohon buhu an danne da bulo biyu.

Madam Janet ta biyo ta da butar ruwa. Da ta ga inda Bilkis ke kallo sai fuskarta ta ɗan saki. Ta ce lokacin Kirsimeti da aka sake rufin kicin ne kwano ya yi saura, ta sa kafinta ya yi masa ɗaki. Shekara da shekaru rana tana dukan bawan Allah a tsirara, ga tsuntsaye na yi masa sheƙa, ga ɓarayin jan ƙarfe. Ko akuya ai ana yi mata rumfa. Ashe ma ta makara.

Bilkis ta tsaya da butar a hannu. Injin ba ciwo yake ba, numfashi aka toshe masa. Zafin da ya kwaso daga ɗaki yana fesowa cikin akwatin ya sake shaƙa, har ya kai inda zai kashe kansa don kada ya ƙone. Aikin rabin awa ne da guduma. Amma Malam ya riga ya yanke hukunci a gaban mutane, kuma ita ba ta taɓa cewa ba haka ba ne a kan maganarsa ta aiki, ko su biyu ne. Da uban wani ne, da sai ta ja shi gefe ta raɗa masa. Nata uban ba a yi masa raɗa. Duk abin da za ta gaya masa, sai Hillary ya ji, masu sayen magani a waje ma sun ji. Idan kuma ta yi shiru, kafin la'asar an zo an zare injin, shekara mai zuwa ba inda Malam zai saka hula ya nufa da jakarsa.

Ta koma ɗakin. Hillary yana waya yana kwatanta wa wani kantin. Ta ɗaga masa hannu ya dakata. Ta sake kunna esin, ta je ta kama hannun mahaifinta, abin da rabonta da yi tun tana firamare. Ya dube ta da mamaki, amma ya biyo ta. Suka ratsa tsakar gida a hankali saboda gwiwarsa. A lungun ta ɗauki tafinsa ta manna a jikin kwanon, ta matsa gefe.

Ya bar hannun a wurin. Ya kalli ƙusoshin, ya kalli buhun da bulo. Ya zagaya da tafin yana neman ko ta ina iska ke fita, bai samu ba. Kwanon yana ta ƙara zafi har injin ya sake ɗaukewa, ya ji ɗaukewar a hannunsa. Sannan ya juyo ya dube ta.

"Tun a ciki kika ji?"

Ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kunna, Baba." Ta faɗa a hankali, tana buɗe baki sosai don ya gani.

Madam Janet da Hillary suna tsaye a bakin lungun. Bilkis ta yi zaton zai ce dama yana shirin zagayowa ya duba baya, kuma da ya faɗi hakan da ta goya masa baya ba tare da ta ƙifta ido ba. Sai ya mayar da hularsa ya daidaita ta.

"Maman Hillary, na yi kuskure. Lafiyarsa ƙalau, ke kika shaƙe shi da tausayinki. Ni kuma ban ji ba, don ba na ji. Na kai shekara uku. Yarinyar nan ce ta ji."

Madam Janet ta cire tabarau ta goge da bakin zane. Ta matso dab da shi, ta ɗaga murya har wata mata ta leƙo ta katanga.

"To sai me? Bara na tambaye ka lafiyar iyali ka ce mini ai ƙarfe biyu ta wuce. Kana zaton ban gane ba? Ni ma lambar jikin kwali sai Hillary ya karanta mini."

Malam ya yi dariya, irin wadda ba ta kwaikwayo ba, har ya dafa bango.

Hillary ya kawo guduma. Ya nufi benci zai hau, Bilkis ta karɓe ta ce masa ya je ya kula da masu ciwon kai. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta hau. Madam Janet tana ta roƙon a bar ko na saman ne, Malam ya ce a bar shi, amma a ɗaga da kamu biyu, gefe da gaba kuwa ko ƙyalle kada a sake ratayawa. Da kwanon ƙarshe ya faɗi, suka zare injin suka ɗora a kan benci. Bilkis tana wankewa, Malam yana tsaye a kanta yana cewa ruwan ya yi yawa, ta bi layin ƙarafan daga sama zuwa ƙasa, kada ta kwantar da su, wa ya koya mata riƙe buroshi haka. Ta bar shi ya faɗa. Duk abin da ya ce daidai ne.

Bayan azahar, da ya bushe, suka mayar suka kunna. Minti goma ya wuce, ashirin ya wuce. Hillary ya sa hannu a gaban iskar, ya je ya duba ma'aunin zafi da ke rataye a bango, ya dawo ya sake sa hannu. Ya ce shi dai bai yi alkawarin har abada ba, amma zai kira mutanen nan ya ce su dakata, a ga yadda za a ƙare bazara. Idan damina ta sauka yana nan da ransa, sai a sake zama. Madam Janet ta ce ai ba shi da wata magana da ta wuce wannan.

Malam yana zaune a kan kwali kusa da injin, tafinsa a jikinsa. Ya yafito Bilkis.

"Me yake cewa?"

Ta sunkuya ta saurara da kyau kafin ta amsa. Ta ce kwamfiresa lafiya, iska na fita, sai dai fankar tana ɗan karce wani abu idan ta zagayo.

"Ta wane ɓangare?"

Ta nuna hagu.

Ya ce robar da ke riƙe da ita ce ta ci, tun shekara biyar da suka wuce yake lura da ita, kuma yana da irinta a gwangwanin madara a zaure, in dai uwar Bilkis ba ta zubar ba. Ya juya ya gaya wa Maman Hillary cewa gobe da hantsi za su dawo, ta sa a rage sukari a zoɓon.