Jemagun Siton Ƙasimu

Ƙasimu ya kai bandir ɗin farar shadda hanci, ya yi wurgi da shi. Kashin jemage ne kuma. Tun da ya kama wannan tsohon sito a unguwar Liwan yake fama da mai ginin, wani tsoho da ya dage wai jemagu arziki ne. Ka ce a sa musu magani, sai ya washe haƙora ya ce da Sinanci, "Meyo, meyo," wato a'a. Arzikin da ke yi wa mutum kashi a kan kaya!

A farkon mako ya tsinci ɗaya a ƙasa, hancinsa fari fat kamar ya tsoma shi a garin rogo. Sulley, mutumin Kumasi mai yi masa shifin, wato aika kaya gida, ya duba ya ce, "Alhaji, wannan funfuna ce. An ce ita ke karkashe su a Amurka."

Daɗi ya kashe Ƙasimu. Ai ya san hukuma da cuta. Lokacin murar tsuntsaye a Kano, a gabansa aka binne kajin maƙwabcinsa kaf. Ya ɗauki hoto, ya sa Sulley ya tura wa masu kula da namun daji.

Yau ga su sun zo, cikin fararen kaya har ka. Ya tsaya bakin ƙofa yana jiran ƙarar feshi. Shiru. Da ya leƙa, sai ga ƙatti da digirinsu suna goga wa jemage auduga a hanci, ana ɗora shi a sikeli sai ka ce zinariya. Wani har lallashinsa yake yi. Ƙasimu ya ja tsaki, takaici ya cika shi.

Shugabarsu ta fito ta rusuna masa, Sulley yana fassara.

"Ta ce jemagun mata ne, duk masu goyo, ba a taɓa su. Za a rufe ginin, kada a kwashi cutar a kai gaba. Kayanka ma ba su fita sai an gwada."

"Kayan Sallah ne fa! Jibi jirgi zai tashi!"

"Na faɗa mata. Ta ce shiye-shiye, wato ta gode, ba don kai ba da ba su san da su ba."

Aka karɓe takalmansa aka ƙulle a leda. Yana tsaye da safa a bakin titi, ya cika baki zai zazzaga masifa, sai matar ta ɗora yatsa a leɓe ta nuna rufi.

"Ta ce ka rage murya," in ji Sulley. "Suna barci."