Mariƙin Hagu

Tun kafin korona ta rufe gari Kalilu yake neman injin naɗe zaren fatsa. Malamin jami'a ne, amma in aka zo batun kifi sai ka rantse a kwale-kwale aka haife shi. Burinsa toman, wani ƙaton kifi mai kai irin na maciji, wanda ya taɓa tsinke masa zare a tsohon ramin kuza da ya zama tafki a bayan gari. Kullum yana kan waya yana duba injina: wannan ba ya ɗaukar zare mai kauri, wancan birkinsa ba zai tsayar da toman ba. Matarsa Mero takan ce ruwan ido ne zai kashe shi. Daga baya ta tsani wannan maganar.

A damina ta biyu ta annobar motar asibiti ta ɗauke shi daga gidansu na unguwar Titiwangsa, a ƙasar wajen da yake koyarwa. Ba a shiga dubiya, sai dai waya. Ran nan ya kira, numfashinsa sama-sama.

"Mero, na gaji da zaɓe. Ki zaɓar mini injin nan. Ina so in tarar da shi a gida."

"Baban Khaulah, ni me na sani a kifi in ba suya ba?"

"Kin san ni ai. Ya isa."

Ta riƙe maganar da hannu biyu. A ranta, in dai injin yana jiransa a gida, to dole ya dawo.

Kantin kayan fatsa a rufe yake, amma mai shi, wani dattijo ɗan Sin, yana ciniki ta waya. Da ya ji toman ne, ya zaɓar mata mai ƙarfi, sannan ya tambaya: mariƙin naɗe zaren na dama ko na hagu? Irin wannan injin ba a juya masa mariƙi, yadda aka ƙera shi haka yake.

Ta kira asibiti. Aka ce an sa masa bututun numfashi, ba ya magana.

Mero ta zauna ta yi ta tunani. Da dama yake ci, da dama yake rubutu, don an sha buge masa hannu yana yaro. Amma ita ta san bahago ne. Da hagu yake juya shayi in ya shagala, da hagu yake ɗaga Khaulah sama. A zatonta ko abokansa ba su san wannan ba. Ta ce wa dattijon na hagu, har da ɗan alfahari.

Injin ya riga labarin rasuwarsa isowa da kwana kaɗan. Ma'aikata cikin fararen riguna ne suka binne Kalilu. Abokinsa Munzali ya tsaya daga nesa yana nuna mata ta waya, hoton yana ta yankewa. Ba ta ga fuskarsa ba. Gari yana kulle, ita kuma ta shiga takaba, babu masu zaman makoki sai muryoyi daga Kano.

Da Munzali ya kawo tapau, wato ƙunshin shinkafa daga gidan abinci, ya tsaya a bakin ƙofa da takunkumi, sai ta tura masa kwalin injin ya gani. Ya juya injin a hannunsa, ya tsura wa mariƙin ido.

"Mene ne?" ta ce.

"Nothing, Maman Khaulah. Mai kyau ne lah."

"Munzali, faɗa mini."

Ya sunkuyar da kai. "Da dama yake naɗewa. Cewa yake toman ba a ba shi rarraunan hannu, shi ya sa da hagu yake riƙe sandar."

Ta jingina da bango. Ashe ta san shi ɗin, sarai ta san shi, amma ba ta taɓa ganinsa a bakin ruwa ba. Abin ya yi mata ciwo fiye da ranar jana'iza, kuma a nan ne kukan da ya ƙi zuwa ya zo.

Da ta share ido ta ce, "Ka kira mai kantin. Ka ce a canza da na dama."

"Boleh, zai yiwu. Amma Maman Khaulah, don wa?"

"Cewa ya yi in zaɓar masa. Ban gama ba."

Munzali ya rufe kwalin a hankali, ya sa shi a hammata ya nufi lif.