D Mai Ɗamara

Shekara ashirin da biyu muna ɗakin bincike ɗaya da Dakta Slavka Đurđić a sashen sinadarai na jami'a, ban taɓa ganin ta bar kofinta ya huce ba sai ranar Talatar nan. Ita ke haɗa sinadaran da take fatan a samu maganin ciwon hanta a cikinsu, ni kuma Jagoda, nawa kula da na'urori ne da wanke kwalabe.

Shugaban sashe, Farfesa Velimir, mutumin da ko gaisuwa sai ya duba ƙa'ida, shi ya shigo da takarda a hannu.

"Dakta, ba ni na kafa dokar ba," ya ce. "Duk mai ɗakin bincike sai ya nuna an ambaci aikinsa sau ɗari uku a rubuce-rubucen wasu masana. Kwamfuta ta ce ke arba'in da ɗaya. Juma'a kwamiti zai zauna, kuma akwai masu jiran ɗakin nan."

Da ta yi masa faɗa, da na fi jin daɗi. Amma yana fita ta fara naɗe kwalabe da tsohuwar jarida.

"Maƙala sittin da huɗu na wallafa, Jagoda. Ashe duk da bango nake magana. Je ki samo mana kwalaye."

Na sauka wajen Baba Živko mai gadin ƙofa, raina a ɓace. Ina jan kwalaye a ƙarƙashin teburinsa sai ga wata ƙatuwar ambulan daga Brazil, ta sha ƙura, an rubuta mata "Prof. S. Durdic". A gefe kuma rubutunsa ne: babu mai wannan suna.

"Baba Živko, wannan fa?"

"Shekararta uku a nan. Wata Durdic ce, ba mu da ita."

"Matar da kake gaisarwa kullum da safe?"

"'Yar nan, ni Đurđić nake gaisarwa. Duba da kyau, wannan D ɗin ba shi da ɗamara."

Nan take na gane. Sunanta yana da D mai ɗamara har biyu, wato D mai ɗan layi da ya gitta shi, harafin da mujallun ƙasashen waje ba su damu da shi ba. Wasu su jefar da ɗamarar su rubuta Durdic, wasu su cusa masa j ya koma Djurdjic. Farfesa kuwa, da yake mai gaskiya ne har ya wuce misali, sunan ya buga a kwamfuta daidai yadda yake a fasfonta.

Da gwiwar nan tawa mai ciwo na haye bene biyu a guje. Na buga Durdic a kwamfutar, ɗari biyu da sha biyu. Na buga Djurdjic, ɗari da sittin da biyar. Na sake bugawa don ban yarda da idona ba, sannan na ja Farfesa har gaban kwamfutar.

Ya gyara tabarau. "Sai an tabbatar dukkansu mutum ɗaya ne."

"Ranka ya daɗe, a duk maƙalun lambar ɗaki ɗaya, lambar waya ɗaya. In mata uku ne, ni kaɗai nake wanke musu kwalabe, ban taɓa ganin biyun ba."

Ya ɗan yi tari, kunnuwansa suka yi ja. Ya soke arba'in da ɗaya ya rubuta ɗari huɗu da sha takwas, ya sa hannu.

Slavka ba ta ko kalli lambar ba, ambulan ɗin da na miƙa mata ta buɗe. Kundin digirin wata ɗaliba ne wadda ta bi hanyar da Slavka ta ƙirƙiro ta haɗa nata sinadarin. A shafin farko ta rubuta da hannu cewa wata takwas tana kasawa kafin ta karanta maƙalar Slavka. Slavka ta karanta sau biyu, hawaye na zuba, tana dariya.

"Shekara uku yarinyar nan tana ganin na raina ta," ta ce. "Yau zan ba ta amsa."

Ta ɗauki biro, ta ɗaura wa D biyun da ke jikin ambulan ɗamararsu a hankali.

"Fito da kwalaben nan, Jagoda. Kuma ɗora mana wani kofi, wannan ya huce."