Ɗakin Saratu a Unguwar Boro

"Maman Edith, ga tasi can yana jira. Tashi mu koma gida."

Saratu ba ta ɗago kai daga matashi ba. "Ai ina gida, Baban Edith."

Ina bakin ƙofa da kwanon kunu, na rasa ko in shiga ko in juya. Sunana Naomi, ɗakina na jikin nata a gidan hayarmu na Unguwar Boro. Mai maganar kuwa mijinta ne, Isiyaku, akawu a wata masaƙa a Kakuri.

Saratu ta daɗe a gidansa a Makera. Ita da bakinta ta gaya mini bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Sai dai shi ke zaɓar mata zane, shi ke amsa tambayar da aka yi mata. In ta sa baki a hira, sai ya yi dariya ya ce wa baƙi, "Ku ƙyale yarinyar nan."

Ana nan sai zumuntar mata ta shirya wasan kwaikwayo a zauren coci, wani tsohon wasa da wani malamin kwaleji ya juyo zuwa Hausa. Saratu ce ta fito a matar da ta gane ba ta san kanta ba, ta bar gidan mijinta. Da ka ta haddace maganganun, don ba ta iya karatu ba.

"Maman Haruna," ta ce mini daga baya, "ina tsakiyar magana a gaban jama'a na ji ba hadda nake yi ba. Su suna tafi, ni ina kuka."

Ta roƙi Isiyaku ya bar ta ta shiga ajin manya. Ya ce me tsohuwa za ta yi da boko? Da 'yarsu Edith ta tafi makarantar kwana, sai Saratu ta ɗauko keken ɗinkinta ta tare wurinmu. Fasto ya zo, dangi suka zo, ba ta koma ba. Da safe ɗinki, da la'asar aji. Ta fara karanta allunan shaguna a hanyar Sabon Tasha ke nan kumburi ya fito mata a nono. Asibiti suka ce an makara.

"Mutane za su ce na yasar da ke," in ji Isiyaku, tasi na jira a waje.

"Har yanzu mutane kake ji."

Can ya ce, "To, me kike so?"

Ta daɗe tana kallonsa. "Yau ka fara tambayata. Zauna. Karɓi kunun nan ka ba ni."

Ya sallami tasi. Daga ranar, kullum in ya tashi daga aiki sai ya zo ya zauna gefen gadon, ita ke magana, shi yana saurare.

Ran Alhamis da azahar ta cika, hannunta cikin nawa. Isiyaku ya iso da lemon da ta ce tana marmari, ya tarar da mata cike da tsakar gida. Bai tambayi kowa ba, ya jingina da bango.

Hadari ya haɗo ta wajen Rido. Zannuwanta da na wanke da safe suna kan igiya, na hau kwashewa. Ya ajiye lemon, ya zo ya kama mini bakin zani ɗaya. Muka tsaya riƙe da shi, yayyafi na sauka.