Amalanke Cikin Buhu

Shekara uku bayan farin da aka yi a shekarar tamanin da huɗu, wake ya yi wa Munkaila na Tajaye kyau. Ya sayar, ya nufi Konni don ya sayi amalanke, domin ya gaji da kai taki gona mangala-mangala a bayan jaki.

A rumfar Alhaji Dauda mai ƙarafa ya tarar da iri biyu. Ga haɗaɗɗe, ya sha shuɗin fenti, jaki kawai yake jira. Ga kuma wanda ke warwatse: tayoyi biyu, ƙarfen da ke riƙe su, sandunan ƙarfe, da notina cikin buhu.

"Ɗauki haɗaɗɗe ka huta," in ji Alhaji. "Wanga sai mai maƙeri."

Maƙeri ɗaya ne a unguwar su Munkaila, shi ne Isufu, wansa, uwa ɗaya uba kowa da nasa. Lokacin fari Isufu ya tafi ci-rani Sakkwato, Inna ta rasu ba ya nan. Da ya dawo, Munkaila ya ce masa a gaban mutane ya gudu ya bar uwarsa da yunwa. Tun daga ranar, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Munkaila ya zagaya haɗaɗɗen, ya auna faɗinsa da kamu. Amalanken ya yi wa lungun gidansa faɗi, ya yi wa jakinsa tsawo. Dalilin da ya ba Alhaji ke nan, kuma gaskiya ne. Amma ya san akwai fili a bayan gida, kuma jaki ana iya sauya shi. Duk da haka ya ce a ɗaure masa na cikin buhun.

Washegari da hantsi ya sauke kayan a bakin maƙera. Isufu ya dubi tayoyin, ya dubi ƙanensa.

"Mi na wanga?"

"Amalanke na, Yaya."

Isufu ya zazzage buhun, ya jera notinan a ƙasa. Can ya ce, "Tai ka zo da jakin in auna shi."

Kwana uku suka yi, Munkaila na zuga, Isufu na lanƙwasa ƙarfe. A rana ta biyu, yana ɗaure noti bai ɗago kai ba, Isufu ya ce, "Saƙon rasuwar Inna bai iske ni ba sai bayan kwana tara. Hatsi ni tai nema mata."

Munkaila ya tsaya da zuga har wuta ta fara lafawa. "Na sani," ya ce. "Tun tuni na sani. Ka gafarce ni."

"Hura wutar," in ji Isufu.

Amalanken ya fito ba fenti, katakonsa na tsohon ƙyaure ne, tayar hagu tana ɗan kuka in an yi lodi. Isufu ya bi shi a ƙafa har bakin gona yana saurare, sannan ya ce a maido masa shi ranar Juma'a bayan masallaci.