Ɗacin Kunun Gyada

"Madam, ina sake tambaya," in ji Likita Wandoo da Hausarta ta 'yan Binuwai. "Mijinka ya sha maganin ƙarfin maza yau ko jiya?"

Kafin Hafiza ta buɗe baki, Yaya Saleh, wan mijinta, ya miƙe yana gyara hula.

"Haba Likita! A gaban iyalinsa? Safiyullahi fa ladanin masallacinmu ne a Akurba. 'Ya'yansa huɗu. Me zai yi da wannan?"

"Oga, ba zagi ba ne. Ƙirjinshi na ciwo. Wannan ƙwaya da nas ta kawo, ƙarƙashin harshe muke sa wa mai ciwon zuciya. In ta haɗu da wancan magani, jini zai faɗi gaba ɗaya. Mutum yana iya tafiya."

Likitar ta sunkuya kan gadon. "Malam, ka sha?"

Safiyullahi ya buɗe ido da ƙyar, gumi na bin gemunsa. Ya girgiza kai. Kuma gaskiyarsa ya faɗa. Hafiza kaɗai ta san ba ita ce gaskiyar ba.

* * *

Wata takwas ke nan tun da ciwon sukari ya kama shi, ya riƙa juya mata baya yana kallon bango. Mutumin da a da ba ya shigowa gida sai da lemo uku a aljihu, ya ɓare ya sa mata a baki, ya koma daɗewa a masallaci don kada su haɗa ido. Ba ta taɓa tambaya ba. Shi ma bai taɓa faɗa ba. Abin da ya fi ci mata rai ba shimfiɗa ba ce. Dariyarsa ce da ta ƙaura daga gidan.

A wajen wani suna a Kwandere wata mai tallar kayan mata ta ja ta bayan rumbu, ta damƙa mata ƙwaya biyu shuɗɗa a ƙullin leda, ba kwali, ba suna.

"Ki murƙushe ki zuba masa a kunu. Kar ki gaya masa, namiji ba ya son a san rauninsa. Shi zai zaci ƙarfinsa ne ya dawo."

"Ba sai ya ga likita ba?"

"Likita? Ki kai malam guda ya tona kansa a layin asibiti?"

Yau bayan azahar, da yara suka tafi Islamiyya, ta murje su duka biyun da bayan cokali, ta zuba masa a kunun gyada. Ya shanye kofin, ya yi ɗan murmushin da ta yi wata takwas tana jira.

"Kunun yau da ɗan ɗaci, Hafiza. Amma tunda hannunki ne."

Ba a yi awa ɗaya ba ya dafe ƙirji, ya zube a gindin randa.

* * *

Nas ta buɗe kwalbar, ta zazzago ƙwayar a tafin hannu. Fara, 'yar ƙarama kamar ƙwayar gero.

Hafiza ta dubi ƙwayar. Ta san Yaya Saleh ba ya riƙe magana. Kafin magariba duk dangi za su ji ta sa wa mijinta magani a abinci, kuma ba wanda zai kira shi da sunan so. Asiri za a ce. Asirin da malam ya yi wata takwas yana rufewa kuwa, ita za ta yaye shi da bakinta. Wataƙila ba zai sake kallonta ba har abada.

"Malam, ɗaga harshe," in ji nas.

"Ku dakata!"

Duka suka juyo. Hafiza ta kwance haɓar zaninta, ta ajiye ledar a kan farin zanin gado. Akwai sauran shuɗin gari a kusurwarta.

"Ya sha, Likita. Guda biyu. Bai sani ba, ni na zuba masa."

Nas ta janye hannunta. Yaya Saleh ya soma salati, hannunsa na laluben waya a aljihu.

Hafiza ta kama yatsun mijinta, masu sanyi, waɗanda ba su riƙe nata ba.

"Yaya, ka gaya wa duk wanda za ka gaya wa," ta ce. "Ni dai ba zan bar nan ba sai da shi a raye."